Jalen Milroe: ƙafa ce kawai, ko akwai kwatabak na gaske a cikinsa?

ƊanTuscaloosa:
Assalamu alaikum jama'a. Tunda Nick Saban ya ajiye aikin kocin ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Alabama ranar 10 ga Janairun 2024 aka ɗauko Kalen DeBoer daga Jami'ar Washington, magana ɗaya ake yi a garin nan, daga shagon aski har ɗakin karatu: sabon koci zai riƙe Jalen Milroe a matsayin kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da jagorantar kai hari, ko zai nemo nasa? Ni raina ya rabu biyu. Yaron ya jefa ƙwallo yadi 2,834 a kakar 2023, tacdawun (kai ƙwallo ƙarshen fili a ci maki) 23 ta sama, an cafe masa jifa 6 kacal, ya kuma shiga da ƙafarsa sau 12. Ya zo na shida a ƙuri'ar Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i. Amma duk wanda ya kalli wasan da Michigan ta doke mu a ƙarshen kakar ya ga abin da na gani: da zarar an toshe masa mutumin farko da yake nema, sai ya tsaya riƙe da ƙwallo har a zo a kayar da shi. To da me za mu auna yaro irin wannan? Da ranar da ya tashi kan LSU, ko da ranar da Michigan ta ɗaure shi?

Goje_Houston:
Wa alaikumus salam. A riƙe shi mana! Wanda ya doke Jojiya 27 da 24, ya karya musu jerin nasara 29 a jere, shi ake tambaya ko a riƙe? Haba ɗan'uwa.

Malam_Ilu:
Goje, ka yi a hankali. Ƙungiya ce ta doke Jojiya, ba mutum ɗaya ba. Ni shekara goma sha ina kallon wasan nan, kuma abin da na koya shi ne, in kana son sanin kwatabak mai gudu, kada ka kalli gudunsa. Gudu kowa na ganinsa, ko wanda bai san dokar wasan ba. Ka kalli idonsa. Idan aka miƙo masa ƙwallo, yana da mutum na ɗaya da zai duba, in an rufe shi ya koma na biyu, sannan na uku, duk cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Milroe yana duba na ɗaya da kyau, musamman in mutumin ya yi nisa. Jifansa mai nisa yana da kyau ƙwarai, ban da shakka a kan wannan. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakiyar fili, yadi goma zuwa ashirin, inda sai ka jefa ƙwallo tun mai karɓa bai juyo ba, ka yarda cewa zai isa wurin. Shi sai ya ga mutum a buɗe da idonsa kafin ya saki. A wannan matakin, kafin ka gani ka saki, ƙofar ta rufe.

ƊanFagge:
Ku yi haƙuri manya, ni sabo ne a harkar. Wasan Michigan ne na farko da na kalla daga farko har ƙarshe, an fara wajen ƙarfe 11 na dare a nan Kano, ban kwanta ba sai da aka tashi. Tambayata, in yaron ya fi kowa gudu, me ya sa ba za a bar shi ya yi ta gudu ba kawai? Me ya kawo dole sai ya jefa?

Yaya_Binta_Atlanta:
ƊanFagge, sannu da zuwa ƙanena, tambayarka tana kan hanya. Dama huɗu ake ba ƙungiya ta ci yadi goma. In abokan hamayya suka gane cewa gudu kaɗai ka iya, sai su janyo mutum takwas kusa da layi, su kuma ware mutum ɗaya wanda ba shi da aiki sai bin kwatabak da ido duk inda ya nufa. Daga nan hanya ta toshe. Abin da ke sa su ja da baya su ba ka fili shi ne tsoron jifanka. Kamar ɗan wasan tsakiya ne a tamaula: in an san yanka kaɗai ya iya, ba ya ba da fasin, mutum biyu za su tsaya a kansa shi ke nan. Na biyu kuma, jiki ne. Duk gudun da ya yi, ƙato ne mai nauyin kilo ɗari da wani abu zai tare shi.

ƊanTuscaloosa:
Malam Ilu, abin da ka faɗa na gan shi da idona. Ina cikin filin Bryant-Denny ranar 9 ga Satumba da Texas ta zo ta ci mu 34 da 24. Daga saman inda muke zaune ana ganin filin gaba ɗaya, ba kamar talabijin ba da ke bin ƙwallo kawai. Jifan farko da aka cafe masa, wallahi tun kafin ya saki muna ganin ɗan Texas ɗin ya laɓe yana jira, don Milroe ya kafe mutum ɗaya da ido tun daga farko bai kau da kai ba. Wani dattijo da ke gefena ya riƙe kai tun ƙwallon tana sama. Amma a wasan nan dai ya yi wa Jermaine Burton jifan yadi 49 da ya sa muka shiga gaba 16 da 13 a ƙarshen zango na uku, mutum dubu ɗari suka miƙe tsaye lokaci ɗaya. Sai a zango na huɗu aka sake cafe masa. Mutum ɗaya ne, dare ɗaya, ya nuna mana fuska biyu.

Hajiya_Bama:
Ni abin da nake so a saka a ma'auni shi ne abin da ya faru mako guda bayan nan. An ajiye shi a benci a wasan South Florida. Tyler Buchner ya fara, aka sako Ty Simpson, da ƙyar aka ci 17 da 3. Ku tuna yaro ne ɗan shekara 20 a lokacin, an zaunar da shi a gaban duniya. Na sa masa ido a gefen fili ranar, bai ɓata rai ya koma gefe ba, shi ne mai tarbar 'yan'uwansa yana ƙarfafa musu gwiwa. Saban da kansa ya yaba da wannan halin lokacin da ya mayar masa da matsayinsa. Ina da 'ya'ya sa'anninsa, na san abin da wannan yake nufi. Daga dawowarsa a wasan Ole Miss har zuwa kofin SEC, gasar rukunin jami'o'in da Alabama ke ciki, bai sake faɗuwa ba. Ba a rubuta wannan a jadawalin alƙaluma, amma kwatabak shi ne shugaba a fili, in zuciyarsa ba ta ɗaukar zafi ba ya zuwa ko'ina.

Goje_Houston:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Kuma ku tuna wasan Texas A&M, yadi 321 ya jefa da tacdawun uku, a gidansu, kusan ba tare da gudu ba. Mai cewa bai iya jifa ba ya je ya sake kallo.

Malam_Ilu:
Ban ce bai iya jifa ba, Goje. Na ce akwai irin jifan da bai ƙware a kai ba tukuna. Ka koma wasan A&M ɗin ka duba, manyan jifan da suka kawo yadin nan na nesa ne. Wannan kowa ya yarda da shi.

Abban_Sadiq:
Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba game da alƙaluman jami'a. In aka kayar da kwatabak a bayan layi kafin ya jefa, yadin da aka rasa daga lissafin gudunsa ake cirewa, ba kamar a NFL, gasar ƙwararru, ba. Shi ya sa in ka ga an rubuta Milroe ya yi gudun yadi 531 a kakar, ainihin abin da ya ci da ƙafarsa ya fi haka sosai, kayarwar ce ta cinye. Wannan yana nuna abu biyu. Gudunsa ya fi yadda takarda ta nuna, kuma yawan kayar da shi ya yi muni. Michigan ta kayar da shi sau shida, biyar daga ciki kafin hutun rabin lokaci. Ya tashi da yadi 116 kacal ta sama a wasan da ya fi kowane muhimmanci.

Kawu_Tanko:
To amma laifin wa? Ku yi adalci. Mai tsare masa gefen hagu, Kadyn Proctor, yaro ne da ya fito daga sakandare a shekarar. Mai miƙo masa ƙwallo kuma kakar gaba ɗaya ana fama da shi, yau ta zo ƙasa, gobe ta wuce gefe. Mutumin da zai fara sunkuyawa ya tsinci ƙwallo a gwiwarsa, yaushe zai ɗago ya duba na ɗaya da na biyu da na ukun da Malam Ilu yake lissafawa? Rabin daƙiƙa ta riga ta tafi. Ko a yunƙurin ƙarshe na wasan Michigan, dama ta huɗu, saura yadi uku, ƙwallon a ƙasa ta iso masa, ya ɗauka ya kutsa tsakiya aka tare shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abban_Sadiq:
Kawu, gaskiyarka a kan miƙon ƙwallon, ba na musu. Amma kayarwa iri biyu ce. Akwai wadda mai tsaro ya kuɓuce nan take, wannan laifin 'yan gaba ne. Akwai wadda an ba ka daƙiƙa uku, huɗu, ba ka saki ba, ba ka kuma wurgar da ita waje ba. Wannan taka ce. Masu gudu su suka fi faɗawa cikin ta biyun, domin tun suna sakandare sun saba ƙafarsu na fitar da su daga kowane rami, sai su ƙi haƙura da wasan da ya riga ya mutu. A Katy, inda ya yi makarantar Tompkins, ba wanda zai kamo shi. A gaban Michigan kowa yana da gudu.

ƊanMaraɗi:
Ni fa ba wanda ya ambaci Auburn har yanzu, abin ya ba ni mamaki. Dama ta huɗu, saura yadi 31, ƙasa da minti ɗaya, a gidan abokan gaba. Ya tsaya cak ya jefa wa Isaiah Bond a kusurwar hagu, 27 da 24. Na kalli wannan jifan ya fi sau ashirin. Wanda ya yi wannan ai ya gama amsa tambaya.

Malam_Ilu:
ƊanMaraɗi, jifan ya yi kyau matuƙa, ya ajiye ta inda Bond kaɗai zai iya kaiwa. Amma ka tambayi kanka yadda aka yi aka kai yadi 31. An miƙo ƙwallo ta wuce shi aka yi asarar yadi 18, wannan maganar Kawu Tanko ce. Sannan a dama ta uku shi da kansa ya gudu ya haye layi kafin ya jefa, aka ci tararsa. Sai kuma Auburn ta tura mutum biyu kawai su kamo shi, ta bar shi tsaye kamar mai jiran mota a tasha. Ba wanda zai sake ba shi wannan lokacin. Shi ya sa nake cewa kada a auna yaro da jifa ɗaya, mai kyau ko maras kyau. A ɗauki dama ta uku da saura yadi bakwai ko takwas, irin wadda ke zuwa sau goma a kowane wasa ba wanda ke saka ta a bidiyo, a ga sau nawa ya fitar da ƙungiya da hannunsa.

Yaya_Binta_Atlanta:
Akwai wani ɓangare da nake so mu faɗa a fili. Kafin wasan Michigan, Milroe ya gaya wa 'yan jarida cewa Bill O'Brien, wanda ya riƙe ɓangaren kai hari a Alabama kafin Tommy Rees, ya taɓa ce masa bai kamata ya buga kwatabak ba. Wannan maganar tsohuwa ce a ƙasar nan, kuma baƙaƙen yara masu gudu aka fi yi wa ita. Lamar Jackson ya ci Heisman a 2016 a Louisville, duk da haka Bill Polian ya fito ya ce gara ya koma mai karɓar jifa. Sai na 32 aka ɗauke shi a 2018. Shekara guda bayan nan ya zama gwarzon NFL ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta kuɓuce masa ba. Ba ina cewa Milroe Lamar ba ne. Ina cewa a duba kurakuransa a matsayin kurakuran kwatabak mai koyo, kamar yadda ake yi wa kowa, ba a mayar da su hujjar cewa ba wurinsa ba ne.

Malam_Ilu:
Na yarda da ke ɗari bisa ɗari, Yaya Binta. Kwatabak ne, ba ni da ja. Maganata a kan matakin da ya kai ne yau.

Hajiya_Bama:
Mu a Alabama ai mun taɓa ganin irin wannan. Jalen Hurts a 2016, shekararsa ta farko, ya zama gwarzon masu kai hari na SEC, ana ta cewa gudu ne kawai. A wasan ƙarshe da Jojiya a Janairun 2018 aka cire shi a hutun rabin lokaci aka sako Tua Tagovailoa, ya ci mana kofi 26 da 23. Hurts bai tafi ba, ya zauna shekara guda a benci yana koyo, ya shigo ya ceci ƙungiya a kofin SEC na Disambar 2018, ya koma Oklahoma ya zo na biyu a Heisman a 2019, ya kai Philadelphia wasan Super Bowl a Fabrairun 2023. Da an yanke masa hukunci da abin da aka gani a 2017, da an yi kuskure babba.

Abban_Sadiq:
Hajiya, Hurts misali ne mai kyau, amma mu kan tuna waɗanda suka gyaru mu manta da waɗanda suka tsaya inda suke, kuma su ne suka fi yawa. Misalin da ya fi kusa shi ne Jayden Daniels. Shekara uku ya yi a Arizona State, biyu a LSU, sai a ta biyar ya ci Heisman da tacdawun 40 ta sama, an cafe masa 4 kawai, ga gudun sama da yadi 1,100. Milroe kuwa zuwa ƙarshen kakar 2023 wasa 14 kacal ya taɓa farawa, ɗaya a 2022 da Bryce Young, kwatabak ɗin da ya gada, ya ji rauni a kafaɗa, 13 a 2023. Don haka lokaci yana gefensa. Abin da zan sa wa ido a kakar 2024 shi ne ko yawan kayar da shi zai ragu, da ko zai fara jefa ƙwallo tsakiya kafin mutum ya buɗe. In waɗannan biyun ba su motsa ba, sauran duk ado ne.

ƊanFagge:
Na gode Yaya Binta, yanzu na gane. Wasan LSU da ake ta ambato, me ya faru a cikinsa?

Goje_Houston:
ƊanFagge, ranar 4 ga Nuwamba ce, 42 da 28. Milroe ya yi gudun yadi 155, ya shiga sau huɗu da ƙafarsa. Ka nemi bidiyon ka ga yadda yake bi ta gefe, mai tsaro ya ɗauka ya tare masa hanya, kafin ya ankara ya wuce. Kuma ba siriri ba ne, ƙirar ƙarfi gare shi, in ya ga dama ta kanka zai bi. Mako guda bayan nan ya yi shida a kan Kentucky, uku ta sama uku ta ƙasa. A lokacin ne Tommy Rees ya fara tsara masa gudu da gangan maimakon ya bar shi sai ya rasa yadda zai yi sannan ya gudu. Ni a ganina tun Satumba ya kamata a yi haka.

Kawu_Tanko:
A wasan LSU ɗin nan dai aka buge Daniels a zango na huɗu bai iya ƙarasawa ba. Abin da Binta ta faɗa ke nan game da jiki. Robert Griffin na uku ma gwiwa ce ta rage masa tashe tun shekararsa ta farko a ƙungiyar Washington ta NFL. In za a tsara wa Milroe gudu sau ashirin a kowane wasa, a koya masa zamewa ƙasa da fita gefe.

ƊanTuscaloosa:
Bari in dawo da mu kan tambayar farko, don ita ce ke hana ni barci. DeBoer da Michael Penix, kwatabak ɗinsa a Washington, ya yi suna. Penix ya jefa yadi sama da 4,900 a kakar 2023, ba wanda ya kai shi a ƙasar, kuma mutum ne mai tsayawa a bayan masu tsaronsa ya saki ƙwallo da wuri, da wuya ka ga an kayar da shi. Tsarin Washington an gina shi ne a kan ainihin abin da Malam Ilu ya ce Milroe bai ƙware a kai ba. To wa zai tanƙwaru, kocin ko yaron? Ga shi Bond ya tattara ya koma Texas.

Malam_Ilu:
Akwai inda suka dace. Washington na son jifa mai nisa, mai karɓar jifansu Rome Odunze ya sha cin irinta, kuma nan ne ƙarfin Milroe. Sannan DeBoer ya san Penix tun a Indiana a 2019, lokacin yana yaro mai fama da rauni kusan kowace shekara, bai yar da shi ba. Mutum ne mai haƙuri da kwatabak. Abin da nake tsoro shi ne a ce lallai sai Milroe ya zama Penix cikin wata takwas, a hana shi gudu, a rasa duka biyun. In ni ne, zan ba shi matsayin, amma in bar Ty Simpson ya yi takara da shi da gaske a atisayen bazara.

Hajiya_Bama:
Takara ba laifi, Malam, ya riga ya nuna yana iya ɗaukarta. Amma kada a yi masa irin ta Satumba, a cire shi bayan wasa ɗaya. A gaya masa gaskiya tun farko, a kuma ba shi mai miƙo ƙwallo da zai aminta da shi.

ƊanMaraɗi:
Ni har yanzu ina kan bakana a kan Auburn. Malam Ilu ya ce an ba shi lokaci, na yarda, amma kwatabak nawa ne za a ba wannan lokacin su kuma ajiye ƙwallon a wannan kusurwar? ƊanTuscaloosa, in ka samu shiga wasan bazara a Afrilu, don Allah ka zauna can sama inda ka zauna ranar Texas, ka duba mana ko kansa yana juyawa daga hagu zuwa dama.

ƊanTuscaloosa:
In sha Allahu zan je, zan kuma ƙirga sau nawa ya jefa tsakiya. Abban Sadiq, ka turo mini yadda kake raba kayarwar nan gida biyu, ina so in sake kallon rabin farko na wasan Michigan da takarda a hannu, in ga cikin biyar ɗin nan guda nawa ne nasa.